Fim ɗin da Jamus ta hana, Faransa ma ta hana

Wani ɗalibi mai sha'awar tarihin silima ya aiko da tambaya. Ya ji labarin wani tsohon fim na Faransa game da hafsoshin soja da suka tsere daga kurkukun Jamusawa. An ce masa 'yan Nazi sun hana nuna shi, an kuma ce gwamnatin Faransa da kanta ta hana shi. Yana so ya san yadda ƙasashe biyu da ke yaƙi da juna za su haɗu a kan ƙin fim guda, da kuma yadda fim ɗin ya tsira har ake kallonsa yau.

Ɗan'uwa, fim ɗin da kake nufi shi ne La Grande Illusion. Jean Renoir ne ya ba da umarninsa, shi da Charles Spaak suka rubuta labarin, aka fara haska shi a Paris a watan Yunin 1937. Abin da ka ji gaskiya ne, har ma ba a gaya maka duka ba. Italiya ta hana shi, Beljiyam ta hana shi, kuma ko bayan an gama yaƙin, a 1946, sai da aka datse wasu wurare kafin a bar shi ya koma gidajen silima. Kowace gwamnati ta kawo nata dalilin, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka tarar ciwon guda ne: fim ne na yaƙi da babu mugu a cikinsa. Babu wanda za ka fito daga silima kana jin haushinsa har ka so a kashe shi. Gwamnatin da ke shirin tura matasanta fagen daga ba ta iya zama da irin wannan fim.

Dalilan ba za su zauna maka ba sai ka san abin da ke ciki. Labarin na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. An harbo jirgin wasu hafsoshin Faransa biyu: Kyaftin de Boëldieu, jinin sarauta mai ji da asali, wanda Pierre Fresnay ya fito a matsayinsa, da Laftanar Maréchal, makaniki ɗan talakawan Paris, wato Jean Gabin. Wanda ya harbo su, Kyaftin von Rauffenstein, shi ma ɗan babban gida ne a Jamus, kuma Erich von Stroheim ne ya hau wannan matsayi. Saukarsa daga jirgi ke da wuya sai ya ba da umarni a je a duba waɗanda aka kakkaɓo, in hafsoshi ne a gayyato su cin abinci.

Wannan zaman cin abinci shi ne zuciyar fim ɗin, kuma a ganina shi ne abin da masu tacewa suka fi tsoro. Maréchal ya ji rauni, hannunsa a ɗaure, ya kasa yanka naman da ke gabansa. Bajamushen da ke zaune kusa da shi ya jawo farantin ya yayyanka masa, yana yi masa magana da Faransanci, domin ya taɓa aiki a wata masana'antar injuna a birnin Lyon. Nan da nan makanikai biyu suka gane juna. A ɗaya gefen teburin kuma, masu sarautar biyu suna hirar dangi, don Rauffenstein ya san wani ɗan'uwan Boëldieu da ya yi aiki a Berlin. Ana cikin haka aka shigo da furannin jana'izar wani matuƙin jirgin Faransa da aka kashe, Jamusawan duka suka miƙe tsaye don girmama shi. Renoir bai sa kowa ya yi wa'azi ba. Ya dai ajiye kyamara ya nuna maka cewa makanikin Faransa ya fi kusa da makanikin Jamus fiye da yadda yake kusa da ɗan sarautar ƙasarsa. Wannan ra'ayi ne da Renoir ya sha faɗa a rayuwarsa, cewa sana'a da asali sun fi kan iyaka raba mutane.

Shi kuwa ba da ka ya yi maganar ba. Ya yi wancan yaƙin, an harbe shi a ƙafa a 1915 har ya rayu yana ɗingishi, daga baya ya koma tuƙa jirgin leƙen asiri. Ya samo tushen labarin ne daga bakin abokinsa Armand Pinsard, matuƙin jirgin da Jamusawa suka kama, ya yi ta yunƙurin gudu har ya samu sa'a.

Sauran fim ɗin kasada ce irin wadda masu kallo ke so. Fursunoni suna haƙa rami da dare, da rana su zubar da ƙasar a lambu. Ranar da ramin ya kusa ƙarewa aka tashe su zuwa wani sansani. Maréchal ya yi ƙoƙarin tsegunta wa wani hafsan Ingila da aka kawo cewa akwai rami a ƙarƙashin ɗakin, amma wancan ba ya jin Faransanci, aikin watanni ya tafi a banza. Daga ƙarshe aka kai su wata ganuwa a kan dutse inda Rauffenstein ya zama shugaban kurkuku, bayan ya ƙone ya kuma karye a yaƙi, wuyansa ɗaure cikin ƙarfe. A can ne Boëldieu ya sadaukar da kansa. Ya hau saman ganuwa yana busa sarewa don ya janye hankalin masu gadi, Maréchal da abokinsa Rosenthal suka zura igiya suka sulale. Rauffenstein ya roƙe shi ya sauko, ya ƙi, dole ya harbe shi. Ƙafa ya nufa, harsashin ya samu ciki. Ya zauna a bakin gadonsa yana ba shi haƙuri har ya cika.

Rosenthal ɗin nan ka riƙe sunansa, don shi ne rabin rigimar. Bayahude ne ɗan masu banki, Marcel Dalio ne ya fito a matsayinsa. Shi ne wanda ake aiko wa da kayan abinci daga gida yana ciyar da duk 'yan ɗakinsu. A hanyar gudu, cikin yunwa da sanyi, ƙafarsa ta gurɗe, suka yi cacar baki da Maréchal har Maréchal ya gaya masa baƙar magana game da Yahudawa ya tafi ya bar shi. Bai yi nisa ba ya dawo ya tallafe shi. Wata Bajamushiya mai suna Elsa ta ɓoye su a gonarta. Mijinta ya mutu a yaƙin Verdun. Ta nuna musu hotunan 'yan'uwanta maza, tana kiran wuraren da kowanne ya faɗi, Liège, Charleroi, Tannenberg, wuraren da Jamus ke alfahari da su a matsayin manyan nasarorinta. Sai kyamara ta juya kan dogon teburin cin abinci, ƙaramar 'yarta ita kaɗai a zaune, sauran kujerun an kife su. Babu harbi ko ɗaya a wannan wuri, amma ban san wani fim da ya faɗi tsadar nasara kamar yadda wannan teburin ya faɗa ba. Soyayya ta shiga tsakanin Elsa da Maréchal, daga baya mazan biyu suka ƙetara cikin dusar ƙanƙara zuwa Suwizalan.

To, ɗauki 'yan Nazi tukuna. Kusan komai na fim ɗin ƙaya ne a gare su. Ga Bayahude mai kyauta da jarumta. Ga matar Jamus, wadda mijinta ya mutu don ƙasa, ta buɗe ƙofarta ga Bafaranshe da Bayahude, har ta so ɗayansu. Ga sojojin Jamus masu gadi an nuna su tsofaffi, gajiyayyu, masu tausayi: lokacin da aka kulle Maréchal shi kaɗai har ya kusa zarewa, wani tsohon mai gadi ne ya ba shi sigari da ɗan abin busa don ya rage kaɗaici. Gwamnatin Hitler kuwa tana gina wata irin siffa ta Bajamushe, wanda ba ya gajiya kuma ba ya haɗa jini da kowa. An ruwaito cewa ministan farfaganda Joseph Goebbels ya kira fim ɗin maƙiyi na ɗaya a duniyar silima, kuma an hana shi a Jamus. A bikin fina-finai na Venice na 1937, babbar kyautar fim ɗin ƙasar waje ita ce Kofin Mussolini. Ba a ba Renoir ita ba, aka ba wani fim na Julien Duvivier, shi kuma aka sallame shi da wata kyauta ta daban, sannan Italiya ta hana nuna fim ɗin a cikin ƙasarta. A Beljiyam ma an hana shi, a daidai lokacin da Paul-Henri Spaak, ɗan'uwan wanda ya rubuta labarin, yake ministan harkokin waje, ƙasar tana lallaɓa maƙwabciyarta mai ƙarfi.

Kada ka ɗauka ƙiyayyar daga waje kaɗai ta zo. A cikin Faransa, marubuci Louis-Ferdinand Céline ya caccaki fim ɗin a wani littafinsa na ƙin Yahudawa da ya fito a ƙarshen 1937, saboda Rosenthal. Amma jama'a sun yi tururuwa sun kalla, a Amurka kuma aka haska shi a fadar shugaban ƙasa Roosevelt, ya zama fim na farko da ba na Turancin Ingilishi ba da ya shiga takarar babbar kyautar Oscar.

Yanzu ga ɓangaren da ya ɗaure maka kai, wato Faransa. Mu da muka saba jin maganar tace fina-finai a Kano, hankalinmu yakan tafi ga sutura da rawa da tarbiyya. Tacewar lokacin yaƙi tana da wata tambaya a gaba da waɗannan: wanda ya fito daga silima, zai ƙara ƙaimin ɗaukar bindiga ne ko jikinsa zai yi sanyi? A watan Yulin 1939, ana jin ƙamshin yaƙi, gwamnatin Faransa ta kafa hukumar kula da yaɗa labarai ƙarƙashin marubuci Jean Giraudoux. Da yaƙi ya ɓarke a Satumba, aka bi fina-finan da ake ganin suna karya zuciya ko ɓata matasa aka janye musu izini. Wani fim ɗin na Renoir, La Règle du jeu, yana cikin waɗanda abin ya fara ci. A 1940 aka hana La Grande Illusion har sai an gama yaƙi.

Ka sa kanka a kujerar jami'in da ya sa hannu. An tara miliyoyin maza a bakin iyaka, watanni suna zaune ba a gwabza ba, zaman jira yana cin ransu, iyayensu kuma ba su manta da kusan mutum miliyan 1.4 da Faransa ta rasa tsakanin 1914 da 1918 ba. Sai ga fim yana cewa mutumin da ke can tsallake makaniki ne irinka, matarsa za ta zauna da kujeru a kife kamar taka. Har Rosenthal yana cewa, da suka iso bakin iyaka, mutane ne suka ƙirƙiro ta, ƙasa da dutse ba su san da ita ba. Na fahimci tsoron jami'in, amma ban yarda da hukuncinsa ba. Fim ɗin bai ce kowa ya ajiye makami ba. Fursunonin nan ba su daina neman hanyar gudu ba ko na rana ɗaya, kuma Maréchal ya bar macen da yake so ne don ya koma fagen daga. Akwai wurin da suke wasan kwaikwayo a sansani, labari ya zo cewa Faransa ta ƙwato ganuwar Douaumont, suka tsayar da wasa suka miƙe suna rera taken ƙasarsu a gaban hafsoshin Jamus. Fim mai irin wannan wuri ba na masu sayar da ƙasa ba ne. Yana nuna mutum zai iya yaƙi ba tare da ƙiyayya ba, masu farfaganda kuwa ba su yarda hakan na yiwuwa ba.

Jamusawa sun shiga Paris ranar 14 ga Yunin 1940, kuma a watan Oktoba ofishinsu na farfaganda ya sabunta haramcin. Wannan karon wancan wurin rera taken ƙasa shi kaɗai ya isa dalili. A watan ne kuma gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamusawa, ta fitar da dokar 3 ga Oktoba wadda ta kori Yahudawa daga sana'o'i da dama, har da harkar fim. Daga nan tacewa ta tashi daga kan hotuna ta koma kan mutane. Dalio ya gudu ta Lisbon zuwa Amurka, aka riƙa amfani da hoton fuskarsa a allunan ƙin Yahudawa, iyayensa kuma suka mutu a sansanonin 'yan Nazi. Joseph Kosma, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, Bayahude ne ɗan asalin Hangare. Ya ɓuya a kudancin Faransa yana aiki ba tare da sunansa ya fito ba. Renoir ya bar ƙasar a ƙarshen 1940. Gabin ya bi shi Amurka, daga baya ya shiga rundunar Faransa Mai 'Yanci ta Janar de Gaulle. Fresnay kuwa ya zauna, ya yi fina-finai a kamfanin Continental da Jamusawa suka kafa a Paris ƙarƙashin Alfred Greven, abin da ya jawo masa zaman kurkuku na makonni bayan an 'yanto ƙasar. Mutanen da suka zauna ɗaki ɗaya a fim, yaƙin gaske ya watsa su kowa da inda ya fuskanta.

Hanin da ya fi taɓa ni shi ne na 1946, domin a nan ba azzalumai ne ke magana ba. An buɗe sansanonin kisa, duniya ta ga abin da aka yi. Da aka dawo da fim ɗin, wasu masu sharhi, cikinsu har da waɗanda suka yi gwagwarmaya da mamaya, suka ce jinin bai bushe ba, ba lokacin nuna Bajamushe mai karamci ba ne. Wasu kuma suka ga siffar Rosenthal, Bayahude mai kuɗi, ta yi kama da abin da maƙiya ke faɗa. Aka datse wurare, ciki har da na soyayyar Maréchal da Elsa. Ba zan zargi wanda ya rasa danginsa ba don ya kasa kallon Rauffenstein yana jimami a kan gawar abokin gaba. Sai dai Renoir labarin 1916 ya bayar, kuma ya bayar da shi ne a 1937, yana ƙoƙarin tare abin da ke tafe. Bai tare shi ba.

Tunda muna maganar abin da fim ɗin ya gani, bari in taɓo wani ɗan wuri da mai kallo daga yankinmu ba zai rasa lura da shi ba. A ganuwar nan akwai wani fursuna baƙar fata guda, wanda Habib Benglia ya fito a matsayinsa, ana kiransa ɗan Senegal kawai, sunan da Faransa ke kiran sojojin da ta kwaso daga duk Afirka ta Yamma, har da ƙasar da ta zama Nijar. Ya kawo wani zane da ya gama yana nuna wa Maréchal da Rosenthal, suka ɗan kalla sama-sama suka ci gaba da shirin gudunsu. Ba su sa shi cikin shirin ba. Masu sharhi sun rabu a kan ko Renoir da gangan ya nuna iyakar 'yan'uwantakar Turawan nan, ko kuwa shi ma idonsa ya tsallake mutumin. Ni na fi karkata ga na farko, don Renoir ba ya sa abu a gaban kyamara a banza. Ko ma wanne ne, a duk hukumomin da suka tace fim ɗin, wannan wurin bai zama abin cece-kuce ba.

Saura tambayarka ta biyu, yadda ya tsira. A wancan zamani hana fim ba kamar yau ba ne da kowa ke da kwafi a waya. Fim zare ne mai tsawo da ake naɗewa a faifai, na kusan awa biyu ya haura mita 3,000, ga nauyi, ga saurin kama wuta. Duk kwafin da ake haskawa daga uwa guda ake wanke shi, wato nagatif ɗin da ya fito daga cikin kyamara, kamar yadda masu hoto na da ke ajiye nagatif don in ka dawo neman ƙari su sake wanke maka. Wanda ya riƙe uwar ya riƙe fim ɗin. Jamusawa sun ƙwace kwafi-kwafi, kuma shekaru da yawa kowa ya ɗauka uwar ta ƙone a wani harin bam da jiragen ƙawance suka kai kusa da Paris a 1942.

Ashe ba ta ƙone ba. Wani jami'in Nazi mai suna Frank Hensel, wanda kafin yaƙi yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ma'ajiyoyin fina-finai ta duniya a 1938, ya sa an kai ta ma'ajiyar fina-finan gwamnatin Jamus a Berlin. A 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka kwashe kayan ma'ajiyar zuwa Mosko a matsayin ganima, uwar ta shiga taskar fina-finansu mai suna Gosfilmofond. Renoir bai sani ba. A 1958 shi da Spaak suka sake haɗa fim ɗin daga kwafin da aka iya samu, da taimakon ƙwararriyar mai haɗa hoto Renée Lichtig, kuma a shekarar ne masana da aka tambaya a baje kolin duniya na Brussels suka sa shi cikin fina-finai 12 mafiya daraja a tarihi. Daga baya, a wata musayar fina-finai tsakanin Mosko da ma'ajiyar birnin Toulouse wadda Raymond Borde ya kafa, gwangwanayen suka dawo Faransa. Suka zauna a kan kanta shekaru ba wanda ya san darajar abin da ke ciki. Renoir ya rasu a Amurka a 1979 yana zaton uwar fim ɗinsa ta salwanta. Sai a farkon shekarun 1990 aka tantance ta, aka gyara, fim ɗin ya sake fita a 1999, sannan aka yi masa wani gyaran na zamani da ya fito a 2012.

In za ka nema, ka duba tsawonsa: cikakken yana kai wa kusan minti 114, wanda ya gaza haka da yawa to datsattse ne. Ka kuma nemi mai fassara a rubuce a ƙasan hoto, kada ka ɗauki wanda aka ɗora wa murya guda. Ana yin Faransanci da Jamusanci da Ingilishi a cikinsa, har da ɗan Rashanci, kuma wanda ke jin yaren wani da wanda ba ya ji yana cikin labarin. Boëldieu da Rauffenstein sukan juya zuwa Ingilishi in ba sa so na ƙasa da su su ji, Maréchal da Elsa kuma da 'yan kalmomin da suka koya wa juna suke magana. In aka mayar da duka yare ɗaya, waɗannan wurare ba za su yi ma'ana ba.